Kwastan a Bakin Faranti

Ɗana Abba shekararsa huɗu, kuma abincin da ya amince da shi a duniya kala huɗu ne: farar shinkafa, farar taliya, tsakiyar biredi, sai shayi. Shinkafar ma da sharaɗi. Ba mai, ba miya, ba wake. Idan miya ta kuskura ta taɓa ƙwaya ɗaya a gefe, to farantin gaba ɗaya ya tashi aiki, ko da ka kwashe wurin da ta taɓa ka haɗa masa da rantsuwa.

Sunan marigayi mahaifina ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba, Hajiya mahaifiyata kuwa "maigida" take kiransa. Marigayin mutum ne da yake tashi da malmala uku ta tuwon dawa sannan ya tambayi ƙanzo. Na daɗe ina mamakin inda magajinsa ya kwaso wannan hali.

Yaron nan da za a ba shi aikin kwastan a kan iyakar Jibiya, ko allura ba za ta tsallake ba. Albasar da aka markaɗa a inji ma tsinto ta yake yi. Ƙamshin daddawa tun daga zaure yake jiyo shi, ya toshe hanci ya juya. Miyar kuɓewa kuwa, ganin yauƙinta yana bin hannun mutum ya isa ya sa shi kakarin amai har idanunsa su kawo ruwa.

Ni dai na yanke hukuncin sangarta ce. Na ce wa Maman Abba ita ta ɓata shi, ta bar mini shi mako ɗaya ta ga aikin maza. Ta ce, "Bismillah, Baban Abba," tana wani murmushi da sai daga baya na gane fassararsa.

Na fara da cin hanci: loma ɗaya ta shinkafa da miya, alawa ɗaya. Ya karɓi alawar, ya ce zai ci gobe. Na koma barazana, na ce mai allura na nan tafe. Ya je ya tsaya a bakin ƙofa yana jiransa, don a wurinsa allura ta fi miya sauƙi. Sai na shiga dabara. Na sayo karas da kabeji a kasuwar 'Yankaba, na sa aka dafa kabejin aka tace ruwansa, aka dafa shinkafa da shi. A ido fara tas. Abba ya kai loma bakinsa, ya dakata, ya dube ni irin kallon da alƙali ke yi wa mai shaidar zur, ya furzar. Kwana uku bai ƙara taɓa shinkafa ba, ko ta gaskiyar. Na shiga fagen da abinci huɗu, na fito da uku.

Daga nan shawarwari suka fara zuwa kamar ruwan Agusta. Maƙwabcina ya ce tsutsar ciki ce, aka ba shi maganin tsutsa. Wani abokin aiki ya ce in sayo maganin buɗe ciki a kemis. Na sayo, ya sha, ya yi barci tun azahar har magariba, ya farka ya cinye tsakiyar biredi guda ya bar mini ɓawon. Ɓawon nan, da shinkafar da miya ta taɓa, da duk abin da kwastan ya hana shiga, ni nake cinyewa don kada a yi almubazzaranci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Labari ya kai wa Hajiya, ta taso daga cikin birni ranar Juma'a da safe da ƙullin gasara da ɗan galan na rubutu. Rubutun tun daga launinsa Abba ya ce ba da shi ba. Hajiya ta ɗaura zane ta ce, "Ku 'yan boko ba ku iya rainon yara ba. Kawo mini maigidan nan." Ta dama koko, ta matse shi tsakanin ƙafafunta, ni kuma aka ba ni aikin riƙe hannu, ina sanye da farar shaddata ta zuwa masallaci. Aka toshe hanci, aka tara tafi a baki, aka tsiyaya. Kokon ya shiga. Hajiya ta fara kirarin nasara, sai kokon ya fito, tare da shayin safe, duka a gaban rigata. Yaro ya shaƙe yana tari har muka tsorata, dariya ta ɗauke. Sallar Juma'ar nan da tsohuwar jallabiya na yi ta.

Ranar Litinin muka nufi asibiti, har da Hajiya, wai don ta ji abin da likita zai faɗa wanda ita ba ta sani ba. Abba ya ƙi hawa sikeli, sai ma'aikaciyar jinya ta ce in ɗauke shi mu hau tare, sannan in hau ni kaɗai a cire. Da na hau ni kaɗai, Maman Abba ta leƙa, ta ce a gaban jama'a, "Ashe dai abincin ba ya asara." Kilo bakwai na ƙara. Yaron da ake ta fama dominsa kuwa nauyinsa na kan layi, ko da yake a ƙasa-ƙasa. Suka zagaya masa ɗan tef ɗin nan mai launi a damtse, ya faɗa kore. Ta ce daga santimita 12.5 zuwa sama kore ne, ƙasa da 11.5 kuma ja, shi ne tamowa mai tsanani.

Likitar ta duba cikin idonsa saboda ƙarancin jini, ta yi tambayoyi, sannan ta ce gudun sabon abinci abu ne da aka saba gani tsakanin shekara biyu zuwa shida. Amma akwai yaran da wari da yauƙi da laushin abu a baki suke damunsu fiye da sauran mutane, kakarin aman da suke yi ba wasan kwaikwayo ba ne. Idan abin ya kai yaro yana ramewa ko jikinsa ya rasa sinadarai, cuta ce mai suna, ARFID, wadda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar a kundinsu a 2013. Abba bai kai can ba, amma za a riƙa auna shi. Da ta ji batun ɗura sai ta ajiye biro. Ta ce koko na iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, kuma yaron da aka danne ya ci abu, ƙin abin yake ƙara yi.

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "'Yar nan, mu da ɗura muka raini namu. Ga uban nan zaune, haka na yi ta ɗura masa miyar karkashi yana ihu."

Likita ta ce, "To Hajiya, yanzu yana sha?"

Ɗakin ya yi tsit. Shekarata 38, kuma ko a gidan biki aka buɗe kwanon karkashi, waya nake ƙirƙira in fita amsawa. Ashe ba marigayi yaron ya gado ba.

Dokar da aka ba mu gajeriya ce. Mu ke zaɓar abin da za a ci da lokaci da wuri, shi ke zaɓar ko zai ci da yawan da zai ci. A daina cika masa ciki da shayi kafin abinci. Kullum a sa abin da ya yarda da shi, a ajiye ɗan mitsitsin sabon abu a gefe, ba roƙo, ba alawa, ba ɓoye komai a cikin komai (nan ta dube ni). Yaro kan buƙaci haɗuwa da abu sau 10 zuwa 15 kafin ya karɓa, kuma kallo ma mataki ne, haka taɓawa, haka sansanawa, haka lasa a tofar. Na ƙarshe, ya riƙa ganin iyayensa suna cin abin.

Na sayo faranti mai ɗaki uku a kasuwar Sabon Gari don kada abinci ya shiga gonar maƙwabcinsa. Maman Abba ta buɗe lissafi a bayan kalanda. Sannu a hankali muka gano cewa yaron ba launi kawai yake bi ba, abu busasshe mai garas-garas yake so. Soyayyiyar doya ta shiga a zama na tara. Ƙuli-ƙuli ya shiga da wuri, sai dambun nama mara yaji, sai farin ƙwai, gwaiduwar kuma tawa ce. Miya har yau tana ɗakinta na faranti, yana gaishe ta da ɗan yatsa.

Makon jiya Hajiya ta aiko da tuwon dawa da miyar karkashi, da saƙon cewa likita ta ce uba ya nuna misali. Aka ajiye kwanon a gabana, Abba ya zuba mini ido. Na gutsuro tuwo na tsoma, na ɗaga, yauƙin ya biyo hannuna har gwiwar hannu bai tsinke ba. Maƙogwarona ya fara motsi. Na lalubi wayata, ashe Maman Abba ta riga ta ɗauke ta.

Abba ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, ba sai ka ci ba. Taɓa kawai."

Yanzu layi biyu ne a bayan kalandar, nasa da nawa. Ina kan zama na uku, na kai matakin sansanawa.