Nasiha ga wanda ya tarar da aibi a fentin sabuwar jitarsa

'Yan'uwana matasa masu koyon kiɗan jita, musamman waɗanda suka daɗe suna tara kuɗi domin su mallaki tasu ta kansu, ina so in ja hankalinku a kan wani abu da yake hana da yawa daga cikinmu sukuni. Mutum zai buɗe akwatin sabuwar jitarsa cike da murna, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tabo a jikin fentin, ko ƙwayar ƙura da ta maƙale a ƙarƙashin sheƙi, ko siririn layi kusa da inda wuya ya haɗu da gangar jiki, ko wurin da launi ya zarce iyakarsa. Ɓacin ran da ke biyo baya ba abin kunya ba ne, domin da guminka ka saya, kuma kuɗin sabuwa ka biya. Abin da nake jiye muku shi ne abin da hannu yake aikatawa a sa'o'in farko, lokacin da zuciya take tafasa, domin a nan ne ake yin ɓarnar da ta fi tabon muni.

Ɗan'uwa, kada ka taɓa wurin. Kada ka kankare shi da farce, kada ka goga masa samfefa, kada ka ɗiga masa gam, kuma kada ka shafa masa wani man goge mota ko na kujeru da ka samu a gida. Hausawa sun ce garin gyaran gira a kan rasa ido, kuma maganar ta dace da wannan wuri ƙwarai, saboda da zarar ka sa hannu, mai kanti yana da hujjar cewa kai ka lalata kayan, shi kuma kamfanin da ya ƙera ta yana iya janye garantinsa a kan duk abin da wani ya gyara ba da izininsa ba. Da yawa daga cikin mayukan sheƙi na gida suna ɗauke da sinadarin silikon, wanda yake shiga cikin tsaga ya zauna, har ya hana sabon fenti kamawa ranar da ƙwararre zai zo yin gyaran gaske.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne, fentin jita ba iri ɗaya ba ne, kuma ido kaɗai ba ya cika bambance su. Akwai naitiroselulos, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya yaɗa a farkon shekarun 1920 domin fentin motoci kafin maƙeran kayan kiɗa su ɗauke shi, kuma har yanzu kamfanonin ƙera jita irin su Gibson da Martin suna amfani da shi a kan manyan jitocinsu. Siriri ne, mai laushi, yana ci gaba da bushewa yana tsukewa tsawon watanni, shi ya sa za ka ga bayan wani lokaci ya ɗan nutse cikin jijiyoyin katako. Man goge fentin farce yana narkar da shi nan take. Amma wannan raunin nasa shi ne kuma alherinsa, domin ƙwararre yana iya ɗiga sabo a kan tsoho su narke su haɗe, ya bar shi ya bushe, ya daidaita shi, har gyaran ya kusa ɓacewa. Akwai kuma foliyuretan da foliyesta, waɗanda kamfanin jita na Fender ya koma wa a ƙarshen shekarun 1960, kuma su ne a kan mafi yawan jitocin da matasa suke iya saya a yau. Suna da tauri da juriya, sai dai ba sa narkewa su haɗe da sabon shafi, saboda haka gyaransu cikewa ce da gam mai saurin kamawa, kuma sau da yawa gefen gyaran yakan nuna idan haske ya bugi wurin. Jitocin gargajiya masu tsirkiyar nailan da ake ƙerawa da hannu kuwa, wasunsu da shelak ake shafa su, wanda barasa take narkarwa, zufa da zafi ma suna yi masa illa. Wanda bai san wanne ne a jikin jitarsa ba, ba shi da dalilin kusantar ta da wani sinadari.

Aikin da ya kamata ka fara yi shi ne bincike da ido, a cikin haske mai kyau, domin ka tantance ko aibin a fenti ya tsaya ko kuwa ya kai ga katako. Wannan bambancin shi ne tushen kowane hukunci da za ka yanke. Ƙura a ƙarƙashin sheƙi, da fenti mai ɗan gwarje-gwarje da bai kwanta sumul ba, da zanen da injin gogewa ya bari, da ɗan gam da ya tsattsafo a gefe, da launin da ya haura kan farin layin da ya zagaye gefen jiki, duk waɗannan ba sa taɓa sauti, kuma ba sa ƙaruwa. Siririyar tsaga a fenti daidai kusurwar da wuya ya shiga jiki, a jitocin lantarki waɗanda ake ɗaure wuyansu da kusoshi masu zare, abu ne da ake yawan gani, kuma galibi a fentin ta tsaya. Amma idan jitar mai rami ce, kuma layin ya bi jijiyar katakon fuska a miƙe, to ka kwance tsirkiyoyin, ka sa ƙaramin madubi da fitila ta bakin ramin, ka duba ko tsagar ta fito ta ciki. Ka kuma duba jakin, wato katakon da tsirkiyoyi suke ɗaure a kansa, ka gwada ko gefen takarda yana shigewa sosai ta ƙarƙashinsa. Tsirkiyoyin ƙarfe guda shida suna jan wannan wuri da nauyin da ya kai kusan kilo 70 dare da rana, don haka tsaga a kusa da jaki, ko a bayan wuya daidai inda kan jitar ya lanƙwasa, ba maganar kwalliya ba ce. Irin wannan jitar ka mayar da ita, kada ka yarda a lallashe ka da ragi.

Akwai kuma aibin da mai saye yake jawowa da kansa ba tare da ya sani ba. Idan jita ta yi doguwar tafiya a cikin sanyi, ko ta kwana a bayan mota mai zafi, sannan aka buɗe akwatin nan take a ɗakin da yanayinsa ya bambanta, katako da fenti ba sa buɗewa ko tsukewa da sauri ɗaya, sai fentin ya darare da ƙananan layuka, musamman idan naitiroselulos ne. Shi ya sa masu sayarwa da yawa suke ba da shawarar a bar kwalin a rufe na wasu sa'o'i, wasu ma har kwana guda. Na san haƙurin yana da wuya ga wanda ya ƙagu ya ji muryar jitarsa, amma garantin kamfanoni da yawa ba ya ɗaukar nauyin dararewar da canjin zafi ko ɗanshi ya haifar.

Bayan ka tabbatar da abin da ke gabanka, ka ɗauki hotuna a ranar, na kusa da na nesa, tare da lambar jitar da yanayin kwalin da ta zo a ciki, ka adana rasit da duk takardun, kuma kada ka ɓare ledar kariya ko ka zubar da kwalin. Sannan ka karanta sharuɗɗan mayar da kaya, domin lokaci yana tafiya ko kana sane ko ba ka sane. A ƙasashen Tarayyar Turai, wanda ya sayi kaya ta intanet yana da kwana 14 na fasa ciniki ba tare da ya ba da dalili ba, ban da kayan da aka ƙera musamman bisa buƙatarsa, kuma akwai garantin doka na aƙalla shekara biyu a kan kayan da suka zo da aibi. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya ƙi kayan da ba su cika sharaɗi ba a mayar masa da kuɗinsa. Sauran ƙasashe kowace da tsarinta, kowane kanti kuma da nasa wa'adin. Na ga matasa da yawa suna ɓata makonni suna nuna wa abokai hoton tabon suna neman ra'ayi, har wa'adin ya wuce ba su aika wa mai kantin ko da saƙo ɗaya ba.

Idan za ka yi magana da wanda ya sayar maka, ka yi ta a rubuce, cikin ladabi, ka faɗi ranar da kayan suka iso da wurin da aibin yake, ka haɗa hotunan, ka kuma bayyana abin da kake nema. Ko dai a musanya maka, ko a karɓi jitar a ba ka kuɗinka, ko a yi maka ragi ka riƙe ta. Neman ragi ba roƙo ba ne, domin masu wannan sana'a da kansu suna ware jitocin da ke da tabo su sayar da su a matsayin kaya masu daraja ta biyu a kan farashi mai sauƙi, har ma Gibson ya taɓa buga lamba 2 a bayan kan irin waɗannan jitoci domin a gane su. Idan an ba ka mai tabo a kuɗin marar tabo, kana da gaskiya ka nemi bambancin. Sai dai ka auna abin da kake nema da matsayin jitar. Ɗigon ƙura a bayan jitar koyo mai araha ba daidai yake da fenti mai kumbura a fuskar jitar da aka ƙera da hannu aka sa mata tsada ba.

Kafin ka zaɓi musanya, ka saurari jitar da kyau, cikin kulawa yadda ba za ka ƙara mata ko ƙwarzane ba. Itace biyu ba sa zama ɗaya, ko da daga masana'anta ɗaya suka fito a rana ɗaya. Idan wadda ke hannunka wuyanta miƙaƙƙe ne, ƙarafunan wuyan ba sa yankar yatsa, tana riƙe saiti, kuma muryarta ta kwanta maka a rai, to a ganina ka karɓi ragi ka riƙe ta, domin wadda za a aiko maka tana iya zuwa da fenti sumul amma da murya marar daɗi. Idan kuwa ka san halinka, ka san cewa duk ranar da ka ɗauke ta idonka zai koma kan tabon ya rage maka sha'awar koyo, to ka mayar da ita tun wa'adi bai ƙare ba, kuma babu wanda ya isa ya zarge ka.

Ina roƙonku da babbar murya a kan gaskiya. Idan kan bel ɗinka ne ya ƙwarzane bayan jitar, ko kai ka buga ta da gefen tebur a daren farko, kada ka ce haka ta zo. Wani ma'aikaci ne a kanti ko a masana'anta za a tuhuma da laifin da bai yi ba, kuma irin wannan ƙaryar ce take sa masu kanti su riƙa zargin masu gaskiyar da za su zo bayanka. Haka nan kada ka garzaya kafafen sada zumunta kana zubar wa mutum mutunci tun ba ka ba shi damar gyara kuskurensa ba. Mutane ne suke fesa fentin nan suna goge shi, ɗaruruwa a rana a manyan masana'antu, kuma wani abu yakan kuɓuce wa mai dubawa ba da mugun nufi ba.

Wani zai ce maka ai jita dole ta yi tabo, ya kawo maka misalin mawaƙin Amurka Willie Nelson, wanda ya riƙe jitarsa ƙirar Martin tun 1969 har kiɗa ya huda mata rami a fuska, ko ya tuna maka cewa tun 1995 Fender yake sayar da sababbin jitoci waɗanda aka tsufar da fentinsu da gangan. Maganar gaskiya ce, kuma tana da amfani wajen kwantar maka da hankali bayan ka yanke shawarar riƙe taka. Amma ba hujja ba ce a bakin mai kanti, domin tabon da hannunka ya yi cikin shekarun kiɗa daban yake da wanda aka sayar maka ba a faɗa maka ba.

Idan ka riƙe ta, ka rufe maganar, ka koma kan darasinka. Ka riƙa goge ta da busasshen ƙyalle mai laushi bayan kowane kiɗa, ka ajiye ta a akwatinta inda ɗanshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma idan fentinta naitiroselulos ne, kada ka jingina ta a kan marikin da aka lulluɓe da roba, domin wasu robobin suna cin wannan fenti su bar tabo mai danƙo. Idan gefen tabon yana ɓamɓarewa, ka kai wa mai gyaran jita ya rufe shi kafin ya faɗaɗa. Ka kuma adana hotunan farko tare da saƙon da aka yi maka ragi, saboda ranar da za ka sayar da ita ka nuna wa mai saye wurin da kanka, ka gaya masa tun yaushe yake nan da kuma yadda aka yi da shi.