Rigar ta kamfani ce, amma albashin na Alhaji ne

Jiya ƙanena ya kira ni da murna wai ya samu aiki a kamfanin layin waya, har Umma ta fara raba goro. Na ce masa waye zai dinga biyanka? Ya ɗan yi shiru, ya ce ai wani Alhaji ne mai shagon. Na ce to zauna mu yi magana, don ni sai da na yi shekara uku a irin wannan aikin a Kano.

Shagunan nan da kuke gani an fente da kalar kamfani, da yawansu ba na kamfanin ba ne. Dila ne ya zuba kuɗinsa ya kama haya, kamfani ya ba shi izinin amfani da suna da tambari, ya kuma gindaya masa sharuɗɗa. Kai da ke tsaye bayan kanta yaron dila ne kawai, ko da kuwa rigar jikinka da katin wuyanka duk sunan kamfani ne.

Ba zan yi butulci ba, akwai alheri a ciki. Sunan ya riga ya sayar da kansa, ba sai ka yi ta rantse-rantse kamar mai tallar maganin gargajiya a tasha ba, kwastoma da ƙafarsa yake zuwa. Ana koya maka aiki kyauta, yadda ake rijistar layi, lissafi, yadda za ka yi magana da mutumin da ya shigo a fusace har ya fita yana dariya. Kuma ka san mutane, wallahi rabin waɗanda nake hulɗa da su yau a kasuwannin waya na Farm Centre da Beirut Road a wancan shagon na san su. Watan da kasuwa ta buɗe kamasho sai ya fi albashin ma.

Amma taget ɗin nan, wato yawan layin da aka ce sai ka sayar, shi ne bala'in. Kamfani ya matsa wa dila, dila ya matsa wa manaja, manaja ya sauke a kanka, kai kuma ba ka da wanda za ka sauke wa sai dai ka ɗauki lema ka fita bakin titi cikin ranar Afrilu kana roƙon mutumin da ke da layi uku ya ƙara na huɗu. A Disambar 2020 da gwamnati ta ce a haɗa layi da NIN ta dakatar da sayar da sabon sim, har Afrilun 2021 ba mu ga kamasho ba, amma shago kullum cike da jama'a, aiki ya ninka kuɗi babu. Ina tuna wani dattijo da layinsa ya daina aiki, ya riƙe min hannun riga yana nuna tambarin da yatsa yana cewa ɗan nan ba ku ne kamfanin ba? Me zan ce masa, ni da ko lambar wani a hedikwata ba ni da ita.

Kar ma ka ce mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70 tun 2024, dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu aikin kamasho, kuma yawancin shagunan dila mutum biyar ne zuwa shida. Fansho kam sai dai ka ji a rediyo. Ƙarin girma ma iyakarsa manajan shago, shi kuma sau da yawa ɗan yayar Alhaji ne.

Duk da haka ban hana shi ba, zaman gida ba riba. Na dai ce ya nemi a rubuta masa nawa ne kamasho a kan kowane layi, kuma idan kuɗi ya yi giɓi a shago wa zai biya. Ya ce zai tambaya. Litinin zai fara, sun ce ya zo da baƙin wando, rigar kuma za a cire kuɗinta a albashin farko.