Kilishi da iskar kudu a Jidda

A Jidda babu abin da kilishi ke so kamar iskar arewa. Busasshiya ce, in ta kaɗo a Janairu ko Fabrairu, naman da aka shanya da hantsi kafin la'asar ya bushe ƙarau. To bana ƙarshen hunturun sai ya zo babu sanyi sosai, ko rigar sanyi ba mu ciro daga akwati ba. Hasashen da ke wayata ya ce rana tarwai, zafi digiri 30. Na ce falillahil hamdu, na sayo cinyar saniya kilo 4.

Aikin dai sananne ne. A cire kitse da jijiya tas, don kitse ke sa kilishi yin ɗoyi da wuri. A fere naman siriri har ka hango wuƙa ta bayansa, a shimfiɗa a kan raga, ba a kan tire ba, don iska ta shiga ta ƙasa. Sai ya bushe ake tsoma shi a labu: garin ƙuliƙuli kamar kilo 1, citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa da gishiri, a dama da kauri kamar kunu. A sake shanyawa, sannan a nuna masa garwashi kaɗan.

Shanyar farko ta tafi lafiya. Ina tsoma shi a labu iska ta juya. Azyab ce, iskar kudu mai ɗumi da ke kwaso laimar Bahar Maliya ta juye wa mutane a ka. Ashe can ƙasan hasashen, inda babban yatsa ba ya kaiwa, an rubuta danshi kashi 80 cikin 100. A irin wannan iska rana sai dai ta ɗumama nama, ruwan cikinsa ba shi da inda za shi.

Da magariba na hau saman bene na tarar da Baba Alhaji maƙwabcinmu yana latsa shi da yatsa. Ya ce, "Ɗana, wannan kilishi ne ko fanke?" Magunan unguwa kuwa sun jeru a kan katanga, ko wacce ta zaɓi nata.

Mafita ɗaya ce: ɗaki mai na'urar sanyaya iska, don tana tsotse laima, a haɗa da fanka. Duk yankan da ya fara yauƙi ko tsami, a zubar, wuta ba ta gyara shi. Ɗakin da na'urarsa ke aiki sosai kuwa na uwargida ne. Na ja igiyoyi daga taga zuwa ƙofar sif, na rataye nama, ita da yara suka koma falo.

Kilishin ya yi. Amma ran Juma'a da ta je gidan suna a Hindawiyya, mata biyu suka shinshina abayarta suka ce, "Hajiya, nawa kike sayar da kilo?"