An goge min aikin shekara huɗu saboda batirin da bai fi kwabo girma ba

Sati uku ke nan, amma har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Ina da ɗan shagon buga takardu a wajen Kabuga, yawancin masu kawo min aiki ɗalibai ne. Kwamfutocin tebur guda biyu nake aiki da su, ƙirar Dell, na hannu ne, tare na saye su. Wata safiyar Litinin aka kawo wuta, na kunna babbar, wadda duk aikina ke ciki, sai baƙin allo da rubutu layi ɗaya: "No bootable devices found". Na kashe na kunna ya fi sau biyar, Windows ta ƙi tashi.

Na ɗora ta a Adaidaita Sahu na kai wa wani mai gyara da aka yaba min. Kafin in ajiye ta na faɗa masa da bakina: "Malam, akwai furojet ɗin ɗalibai a ciki, akwai lissafin shago, akwai hotunan iyalina. Don Allah kada a taɓa komai sai an kira ni." Ya ce, "Kada ka damu, Alhaji, ka dawo bayan La'asar." Na rubuta masa lambata a takarda ya jefa a aljihu.

Bayan La'asar na dawo na tarar da ita a kunne, yana murmushi yana jiran yabo. Na buɗe inda nake ajiya, wayam. Na ce ina kayana? Ya ce ai Windows ce ta lalace, dole sai da fomatin. Ya haɗe ɓangarorin faifan gaba ɗaya ya goge, ya zuba sabuwar Windows, ya bi ta da tarin manhajojin da ban roƙe shi ba, har da wasanni. Sannan ya ce in ba shi naira 15,000. Da na tambaye shi me ya hana shi kirana, wallahi ko a jikinsa, cewa ya yi layi ne ba ya shiga. Layi bai shiga ba, sai ka yanke hukunci a kan dukiyar da ba taka ba? Wa ya kore ka da ba za ka jira zuwa yamma ba?

Abin da ya ƙara min takaici shi ne abin da ya biyo baya. Kwana goma da faruwar haka, ƙaramar kwamfutar ta wayi gari da wannan rubutun dai, harafi da harafi. Wannan karon ɗan ƙanwata na kira, wanda ya karanta kwamfuta. Bai ɗauko sukundireba ba ma tukuna. Ya kunna ta yana danna F2 har ta shiga BIOS, wato shafin saitin da kwamfuta ke bi kafin Windows ta tashi, ya ce, "Kawu, duba nan." Ga sunan faifan ajiyar ɓaro-ɓaro, da girmansa. Ya ce tunda na'ura tana ganinsa, ba mutuwa ya yi ba. Sai ya nuna min agogon: kwanan wata ya koma shekarun baya.

Ga yadda abin yake. A kan allon cikin kwamfuta akwai wani ɗan batiri mai faɗi kamar kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3, irin wanda ake sa wa wasu makullan mota. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta. In ya mutu, aka ɗauke wuta, saitin zai iya komawa yadda ya fito daga kamfani. Mu kuwa a Kano sau nawa ake ɗauke wuta a yini? Windows ɗin da ke kan kwamfutocina an sa ta ne a tsohon tsarin tashi, wato Legacy, a kan faifai mai tsohon tsarin rabo da ake kira MBR. Da saitin ya juya ya koma UEFI, sai na'ura ta shiga neman hanyar tashi irin ta sabon tsari, ba ta samu ba, ta ce babu abin da za ta tashi da shi. Alhali komai na nan kwance lafiya lau. Yaron ya mayar da saitin, ya adana, ta tashi. Ya je ya sayo batiri ya canza. Duka-duka aikin bai kai minti ashirin ba, ko fayil ɗaya bai ɓata ba. Muka duba babbar, ita ma agogonta a karkace yake, tun ranar da na karɓo ta nake gyara shi yana sake ɓacewa. Ciwo ɗaya ne. Mai gyaran bai ko kalli agogon ba.

To a ce ma Windows ɗin ce ta lalace da gaske. Akwai gyaran tashi da ake yi da filashin Windows ba tare da goge komai ba. In hakan ya ƙi, ana zare faifan a jona shi da wata kwamfutar ta 'yar wayar da ke mayar da SATA, wato bakin jona faifan, zuwa USB, a kwashe kayan mutum tukuna. Wannan waya tana nan birjik a Beirut Road da Farm Centre, ba wani abin a zo a gani ba ne. Wani lokacin ma wayar faifan ce kawai ta yi sako-sako saboda jijjiga ko ƙurar hunturu, a cire a mayar shi ke nan. Faifan da ya mutu da gaske ana ganewa: BIOS ba ta ganinsa, ko ka ji yana ƙas-ƙas a ciki. Nawa bai yi ko ɗaya ba. Duk waɗannan matakai mutumin nan ya tsallake su, saboda fomatin ne aikin da ya fi sauƙi, ya danna ya koma hira, kuɗinsa kuma ya fi tsoka. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma ba ni kaɗai aka yi wa ba. Kusan duk wanda na ba labari sai ya ce shi ma an taɓa goge masa waya ko kwamfuta ba da izininsa ba.

Na san za a ce me ya sa ban ajiye kwafi a wani wuri ba. Gaskiya ne, na yi sakaci, yanzu kullum kafin in rufe shago sai na kwafe aikin ranar a faifan waje. Amma sakacina bai halatta masa cin amana ba. Na gaya masa abin da ke ciki, ya amsa.

Mun gwada manhajar dawo da fayiloli. Fomatin mai sauri jerin sunaye kawai yake sharewa, da a nan ya tsaya da an ceto da yawa. Sabuwar Windows da tarkacen da ya zuba ne suka hau kan tsofaffin bayanan suka murƙushe su. Mun samo wasu hotuna babu suna, takardun Word kuwa rabinsu in ka buɗe sai shirme. Hotunan sunan 'yata ta fari ba su dawo ba.

Akwai wata ɗaliba da furojet ɗinta mai shafi 86 ya tafi, saura mata kwana tara ta miƙa. A shagona ta zauna tana kuka, ni kuma ba ni da bakin ba ta haƙuri. Allah ya taimaka tana da tsohon kwafin da malaminta ya yi wa gyara da jan biro. Da shi na zauna dare huɗu ina sake bugawa kyauta, da man janaretana. Na koma wurin mai gyaran da tsohon batirin a tafin hannuna na nuna masa. Ya juya shi, ya miƙo min, ya ce, "To Alhaji, ai aikin gama ya gama." Ko kuɗina bai ce zai mayar ba. Na ce masa Allah ya isa, a gaban yaransa na faɗa, kuma ban janye ba.