Nasiha ga matan zumunta: 'ya'yan Zelofehad sau biyu suka je neman haƙƙinsu

Salama a gare ku iyayena da yayyena da ƙannena matan zumunta na ekklisiya, musamman mu na karkara, na Sumaila da Tudun Wada da Doguwa da Rogo da Karaye har ƙetare Roni da Gwaram, da duk wadda wannan rubutu ya iske ta a waya. Wadda bata iya karatu ba don Allah 'yarta ko jikarta ta karanta mata.

Ku buɗe Littafin Ƙidaya sura 27 ku karanta daga aya ta 1 zuwa 11. 'Yan mata ne su biyar, Mala da Nuwa da Hogla da Milka da Tirza, daga kabilar Manassa, babansu Zelofehad ya rasu a jeji bai bar ɗa namiji ba, kuma a yadda ake tafiya lokacin in za'a raba ƙasa sunan maza ake rubutawa, kenan gidansu ya shafe. Toh me suka yi? Basu zauna a ɗaki suna kuka suna cewa haka Allah ya so ba, basu kuma aiki kawunsu ya je ya yi magana a madadinsu ba, da ƙafarsu suka taka har ƙofar alfarwa ta sujada, gaban Musa, gaban Ele'azara firist, gaban shugabanni da dukan jama'a, suka ce don me sunan mahaifinmu zai ɓace don bashi da ɗa namiji, a bamu gado cikin 'yan'uwan mahaifinmu. Ku yi tunanin wurin fa, dattawa cike, kowa ya zuba musu ido. Da a ƙauyenmu ne na san abin da za'a fara cewa, yaran nan basu da kunya, wa ya tura su, ai uwarsu ce ta kitsa musu. Musa kuwa bai kore su ba, ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji ya ce gaskiya suka faɗa, a basu. Ba'a tsaya a kansu kaɗai ba ma, aka mai da abin doka ga Isra'ila gaba ɗaya.

Amma inda nafi so mu tsaya shine Joshuwa 17 aya 3 da 4, wanda ba'a cika yi mana wa'azi a kai ba. Musa ya riga ya mutu, an haye Urdun, an fara rabon ƙasa, sai ga matan nan sun sake dawowa gaban Ele'azara da Joshuwa suna tuna musu cewa Ubangiji fa ya umarci Musa a bamu gado. Ashe duk da alkawarin daga bakin Allah ya fito, ba wanda ya bi su gida da shi, sai da suka sake tashi suka je suka tsaya kafin gona ta zo hannunsu. Wannan zuwa na biyu shi ne mu muka kasa.

Don mu ma an yi mana alkawari a takarda. Tsarin mulkin ƙasa sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci don shi mace ne ko namiji ko don addininsa. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta fitar da manufa cewa a ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai, a watan Afrilun 2022 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce a cika wannan alkawari. Yanzu ku duba abin da ke ƙasa. Bayan zaɓen 2023 da shari'o'in da suka biyo baya, majalisar dattawa mai kujera 109 mata huɗu ne a ciki, ta wakilai mai kujera 360 basu kai 20 ba. Nan gida kuwa majalisar dokokin Kano kujera 40 ce, ta Jigawa 30, a wannan zaɓen ko mace ɗaya bata shiga ba, ko ɗaya. Ranar 1 ga Maris 2022 'yan majalisar tarayya suka yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har mata suka je suka tare ƙofar majalisar kwana da kwanaki, daga baya aka sake kawo ƙudurin ware wa mata kujeru na musamman, wanda reshen mata na CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, da wasu ƙungiyoyin mata ke ta magana a kai. Su can suna nasu ƙoƙarin Allah ya ƙara musu ƙarfi, amma mu nan fa?

Kowace a cikinmu ta san yadda ranar zaɓe take a firamaren ƙauye. Tun kafin ma'aikatan INEC su gama kafa teburi layin mata ya kai bakin katanga ya lanƙwasa, wata da goyo, wata da ciki, tsohuwa da sanda an shimfiɗa mata buhu a gindin darbejiya, an bar surfe an bar wanki, koko kawai aka sha, rana ta take har la'asar muna nan, maza wasu sun je sun dawo wasu ma suna majalisa suna jiran sakamako a rediyo. Washegari an ci zaɓe, a je gidan ciyaman na jam'iyya da daddare a raba abin da za'a raba, a rubuta sunan waɗanda zasu samu taki da waɗanda za'a ɗauka aikin asibiti da inda za'a haƙa burtsatse, babu mace ko ɗaya a ɗakin, in ma akwai to shugabar mata ce wadda aikinta ta tara mu a mota mu je mu rangaɗa guɗa a bamu atamfa mai hoton ɗan takara. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan.

Kuma ni bana ɗora laifin duka a kan maza. Mu ɗin nan da muke cika benci ranar Lahadi, mu ke share majami'a, mu ke dafa abincin baƙi in ana taron gunduma, mu ke noma gonar zumunta, mu ke fitar da baiko daga kuɗin ƙuli-ƙuli da daddawa, muna da shugaba da magatakarda da ma'aji muna zaɓensu muna riƙe littafin kuɗi ba'a ji ko kwabo ya ɓata ba, amma da an ce wance zata tsaya kansila sai mu ne farkon masu taɓe baki. Wai ta fi ƙarfin mijinta. Wai macen kirki bata siyasa. Har sunan banza sai mu laƙa mata, wanda in namiji ne ya faɗa sai mu ce ya ci mutuncinmu. Haba 'yan'uwa. Wannan gulma ce kawai aka yafa mata mayafin tawali'u, kuma Yakubu sura 3 ta gaya mana abin da harshe ke yi.

Na san ayar da za'a jefo min a ƙasan rubutun nan, 1 Timoti 2:12, wadda ta ce mace kar ta koyar ko ta yi iko a kan namiji. Maganar wa zai hau bagadi ya yi koyarwa a ekklisiya na bar wa fastocinmu da dattawa, su suka je makarantar Littafi Mai Tsarki, ba ita ta kawo ni ba. Amma kujerar kansila ba bagadi bace, kwamitin asibitin mazaɓa ba bagadi bane, kwamitin makaranta ma haka. Debora a ƙarƙashin itacen dabino take zama Isra'ilawa na kawo mata shari'a, kuma matar aure ce, an ma faɗi sunan mijin, Lafidot. Da aka tsinci littafin Shari'a a haikali zamanin sarki Yosiya, wurin Hulda aka aika babban firist ya je ya tambayo. Karin Magana 31 da ake karanta mana duk ranar ɗaurin aure, daga aya ta 10 ake farawa kullum, ku ɗan koma baya aya 8 da 9, inda ake ce wa sarki ya buɗe baki domin waɗanda basu da bakin magana, ya tsaya wa matalauta da masu bukata, ku duba farkon surar ku ga waye ya koya masa wannan, uwarsa ce.

Sai masu cewa siyasa ƙazanta ce ɗan Allah ya nisance ta. Eh akwai ƙarya a ciki, akwai 'yan daba, akwai taron tsakar dare da ba kowace matar aure zata iya zuwa ba, ban musa ba. Amma ƙazantar bata tsaya a can ba, har ɗakinmu take biyo mu. Duk wadda ta taɓa raka mai naƙuda ta sani, a je ɗan asibitin ƙauye da daddare a tarar da kwaɗo a ƙofa, ko a samu a buɗe babu ungozoma babu wuta sai fitilar waya, a ɗora baiwar Allah a babur mutum biyu sun sa ta a tsakiya ana bin hanyar da damina ta cinye zuwa babban asibiti, wata a kai da ita wata a juyo da gawa. Wani ne ya zauna a wani ofis ya yanke inda kuɗin wannan asibitin zai tafi, kuma bai taɓa naƙuda ba. Irmiya 29:7 ta ce mu nemi lafiyar garin da muke ciki mu yi masa addu'a, abu biyu ne aka haɗa, mu kuwa addu'ar kaɗai muka ɗauka. A Ayyukan Manzanni sura 6 da aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci, manzanni basu ce ku je ku yi haƙuri ba, cewa suka yi a zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, kuma in kun lura sunayen bakwai ɗin duk na Helenanci ne, wato daga ɓangaren da aka tsallake aka ɗauko masu rabon.

Maganar gwauraye kuwa ita tafi ci min rai, don wannan ba Abuja bace, a gidajenmu take. Mutum ya rasu, an yi jana'iza an yi waƙoƙi mun sa anko mun yi kuka, ba'a yi wata biyu ba ƙanin miji ya shiga gona da garma ya ce ta gidansu ce, rumbu ma ya sa masa kwaɗo, matar da ta yi shekara da shekaru tana noma wannan gonar da hannunta ta koma aikatau a gonar wasu, in 'ya'yanta duk mata ne ma shikenan sai ta tattara ta koma gidan ubanta. Maƙwabtanmu Musulmi in miji ya rasu ana zama a fitar wa matar tumunin takaba, 'ya mace a bata rabonta, a rubuce yake. Mu da muke riƙe da Ƙidaya 27 da Yakubu 1:27 sai mu ce ai al'ada ce. Kotun Ƙoli ma a 2014 ta yanke cewa al'adar da ta hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa tsarin mulki, daga ƙasar Ibo shari'ar ta taso amma kotun ta ƙasa ce gaba ɗaya. Iyayenmu dattawan ekklisiya da girmamawa nake faɗa, in kuna iya dakatar da mutum daga cin jibi saboda ya sha giya, wanda ya ƙwace gonar marayu bai kamata ya zauna a bencin gaba lafiya lau ba.

Ƙuri'ar da ke hannunmu ma ba daga sama ta faɗo ba. A zaɓen 1959 matan kudu sun jefa ƙuri'a matan Arewa basu da dama, sai a 1976 aka fara barinmu a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan babban zaɓen 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha duka ta sha ɗauri a jam'iyyar NEPU a kan wannan maganar. Abin da wata ta kwana gidan yari dominsa mu kuma mu bayar a kan taliya da magi da sabulu, wannan cinikin Isuwa ne a Farawa 25, wanda ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan abinci. Ban ce yunwa wasa bace, na san yadda mudun masara ya koma. Amma taliyar nan dare ɗaya ce, wanda muka zaɓa kuwa shekara huɗu zai yi.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a mazaɓu 484 na Kano da wuya a samu inda ƙuri'ar mu Masihiyawa, wato Kirista, kaɗai zata kai mutum kujera, don haka wadda take tunanin zamu yi wannan mu kaɗai ta sake lissafi. Matar malam da ke maƙwabtaka da ke, burtsatse ɗaya kuke layi, asibiti ɗaya kuke awo, ranar kasuwa mota ɗaya kuke shiga, abin da ya dame ki ya dame ta. In mace mai amana ta fito ko Musulma ce ko Kirista mu mara mata baya. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2024 mace ce ta zama shugabar ƙaramar hukumar Tudun Wada, ba wata ƙasa ba, nan Kano. Sannan ban ce duk mai zani a zaɓe ta ba, Yezebel ma mace ce, a duba hali.

Ga abin da nake roƙon kowace zumunta. A taro mai zuwa bayan addu'a da waƙa, magatakarda ta ɗauki littafi ta rubuta su waye basu da katin zaɓe, har da 'yan matan da suka cika shekara 18, in INEC ta buɗe rajista a haɗa kuɗin mota daga asusu a tafi tare. A samu mutum biyu ko uku masu ɗan karatu da baki su yanki katin jam'iyya, kowace wadda ranta ya kwanta da ita, zumunta ba ta wata jam'iyya bace kar mu kawo rabuwa cikin ekklisiya, amma a Najeriya ba'a tsayawa takara sai ta jam'iyya, kuma a matakin mazaɓa ake fitar da deliget. Tun gyaran 2018 mai shekara 25 zata iya neman majalisar jiha, 'ya'yanmu da suka gama kwaleji suna zaune a gida su sani. Wadda zata shiga ta fara zama da maigidanta su fahimci juna, mu kuma iyayen zumunta mu raka ta taro kar ta tafi ita kaɗai a samu abin faɗa. Ku kuma mazajenmu da kuke karantawa a ɓoye, mun gan ku, a bar su su je.

In kuma akwai gwauruwa a ekklisiyarku da ake taƙaddama a kan gonarta, kar a jira, shugabar zumunta da uwayen zumunta biyu su ɗauke ta su kai maganar gaban fasto da dattawa, in ta ƙi ƙarewa a wuce wurin mai unguwa ko dagaci, a rubuta abin da aka yanke a sa hannu a bata kwafi ta ajiye. A yi shi tun da rani kafin a fara sharar gona, don in mutum ya riga ya zuba taki ya yi shuka, za'a ce mata ta bari sai bayan kaka.