Da Wane Mudu Kake Awo?

Salama a gare ku 'yan'uwa a cikin Almasihu, musamman mu da neman abinci ya kawo Legas: na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, da na barikin Ojo da Ikeja, da masu kwana a bakin ƙofar gidajen Ikoyi da Lekki suna gadi. Akwai abin da ya tsaya mini a wuya tun ranar Lahadin godiyar kaka a cocinmu, na kasa haɗiye shi, shi ya sa na ce bari in faɗa muku.

Ran nan ni aka ɗora wa aikin zaunar da baƙi. Muna da wani dattijo a sashen Hausa, gadi yake yi, ya daɗe ƙwarai a garin nan. Kullum shi ke fara zuwa, domin daga gadin dare yake wucewa coci kai tsaye, ya yi shara, ya goge bencina, sannan ya zauna a layi na biyu saboda kunnensa ya yi nauyi. Ana cikin waƙar buɗewa sai ga babban baƙon da muka gayyata, da babbar riga mai aiki, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ko tsayawa tunani ban yi ba, na sunkuya na ce wa dattijon, "Baba, don Allah a ɗan koma baya." Ya ɗauki Littafinsa da ya ɗaure bangon da roba, ya ce, "To ɗana, ba komai." Ya koma can bakin ƙofa, inda ƙarar janareta ba ta barin mai lafiyar kunne ma ya ji wa'azi.

Bayan kwana biyu ina karatun safe na faɗa wasiƙar Yakubu sura 2, sai na ga kaina a ciki tsirara. Ga mai zoben zinariya da tufafi masu ƙawa an ce masa ya zauna wuri mai kyau, ga matalauci an ce masa ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Yakubu ya ce masu yin haka sun zama alƙalai masu mugun tunani. Shekara 18 da yi mini baftisma, ban taɓa sa ƙafa a mashaya ba tun da na tuba, amma ga shi maganar da ni take yi.

Da yawa cikinmu in an ce "abin duniya", hankalinmu sai ya tafi ga giya da caca da neman mata. Waɗannan zunubi ne, babu musu. Amma tunanin duniya ya fi haka zurfi, mudu ne da mutum ke auna kansa da sauran mutane. A gida mun san mudu da tiya, a nan muka tarar da robar fenti da derika, kuma duk wanda ya zauna kasuwa ya san in ma'aunin ya lotsa, ko mai gaskiya ne ya riƙe shi sai an cuci wani. Legas tana da nata mudun, tana kuma koya wa baƙo shi tun kafin ya gane hanyar Oshodi. Wace unguwa kake? Ɗaki nawa ka kama? Wace waya ce a hannunka? Nawa ka tura gida? Ka yi shekara biyar ana auna ka da wannan safe da yamma, a danfo, a wurin aiki, a wayar 'yan'uwa daga ƙauye, sai ka wayi gari kai ma da shi kake awo. Ranar Lahadi kuma ka shiga da shi gidan Ubangiji a aljihu ba ka sani ba.

Ku duba Korinti. Birni ne na fatake mai tashar jiragen ruwa biyu, kowane irin mutum da kowane irin kaya na ratsawa, kamar dai Apapa. Manzo Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a can, yana ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa, yana koyar da Maganar Allah. Ikkilisiyar da ta tashi ba ta rasa wata baiwa ba, shi da kansa ya shaida haka a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, sura ta 1. Amma da aka zo sura ta 3 sai ya kira su jarirai cikin Almasihu, ya ce madara ya ba su domin ba su isa cin abinci mai tauri ba. Mece ce shaidarsa? Kishi da jayayya. Wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan ya ce shi na Afolos ne.

Mu fa? Mu 'yan Filato ne, su 'yan Kudancin Kaduna ne, waɗancan na Adamawa ne. Zaɓen dattawa ya zo, sai a soma raɗe-raɗi a bayan coci, kowa na lissafin ɗan ƙabilarsa. A Zumuntar Mata wata ta daina zuwa wata uku saboda ba a tuntuɓe ta ba wajen zaɓen anko. A cikin mawaƙa ana gaba a kan wanda zai riƙe makirufo. Mu da muka baro gida kusan kilomita dubu, Hausa ɗaya ta haɗa mu a benci ɗaya, jini ɗaya ya fanshe mu. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin masu yin sa ba sababbin tuba ba ne, masu furfura ne a cikin bangaskiya.

Ashe yawan shekaru a coci ba ya girmar da mutum, haka ma iya addu'a da ƙarfi. Ibraniyawa 5:14 ta ce abinci mai tauri na manya ne, waɗanda yau da gobe ta horar da hankalinsu har suna rarrabe nagarta da mugunta. Romawa 12:2 kuma ta ce kada mu biye wa zamanin nan, sai dai mu sāke ta wurin sabunta hankalinmu. Hankali aka ambata a wuraren biyu, domin a nan mudun yake. Ku tuna da Bitrus a Matiyu 16. Shi ne ya shaida cewa Yesu ne Almasihu, Ɗan Allah Rayayye. A cikin surar nan dai, da Ubangiji ya yi maganar gicciye, Bitrus ya ja shi gefe yana tsawata masa, Yesu kuwa ya ce masa tunaninsa na mutane ne, ba na Allah ba. Ƙauna ce ta sa Bitrus magana, amma a lissafinsa duk inda wahala take, Allah ba ya nan. Wa'azin da ke cewa in ba ka sayi mota bana ba to bangaskiyarka ce ta gaza, daga wannan lissafin ya fito.

Kada wani ya ce ina yabon talauci. Na san yadda aka ji a jiki da aka hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, na san yadda kuɗin mota da na abinci suka tashi bayan cire tallafin mai a 2023, ga mai gida na jiran kuɗin hayar shekara cif. Nema wajibi ne, wanda ya ƙi aiki ma Littafi ya ce kada ya ci. Amma Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da wadar zuci, a ƙoshi da yunwa, a samu da rashi. Koya ya yi, ba da shi aka haife shi ba. Makarantar nan ce muke gudu.

A watan Disambar 1893 samari uku suka sauka a garin nan, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, da nufin kai bishara can ƙasarmu ta Arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans da Kent sun rasu, Bingham kuwa zazzaɓi ya kayar da shi, ya koma gida hannu wofi. Ya sake dawowa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi. In da robar fenti ta Legas za a auna, asara ce tsagwaronta: kabari biyu, ba ko mutum ɗaya da ya tuba. Daga aikin nan ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Ko kai ɗan ECWA ne ko COCIN ko EYN ko Baftis ko Katolika, in ka bi sawun bangaskiyar da ta iso gidanku za ka tarar da waɗanda duniya ta ɗauka sun yi wauta.

Disamba kuma ga ta tafe. Ɗan'uwa, kafin ka ci bashi da ruwa don ka sauka ƙauye a ce ɗan Legas ya iso, ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka wa kake so ya yaba maka. 'Yar'uwa, kafin ki ƙi gaida wadda aka zaɓa a madadinki, ki karanta Yakubu 3 daga aya 13 zuwa ƙarshe, ki ga inda aka ce hikimar da ke tafe da kishi mai zafi da sonkai take fitowa.

Ranar Alhamis da yamma na je wurin Baba inda yake gadi. Na same shi a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa, rediyo a kan taga, yana dafa shayi. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka laifi, ka gafarta mini." Ya kama hannuna ya ɗaga ni, ya ce, "Haba ɗana, tashi, ai tun ranar na yafe. Abin da ya dame ni kawai, ban ji wa'azin ba. A kan me Fasto ya yi magana?" 'Yan'uwa, na buɗe baki na rasa abin faɗa. Ina layin gaba ranar, amma hankalina na kan nawa baƙon zai yi alkawari. Baba bai ce komai ba, ya zuba mini shayi, ya kwance robar Littafinsa, ya miƙo mini ya ce idonsa ba ya gani sosai da yamma, in karanta mana Zabura 84. Da na kai aya ta 10, inda mai zabura ya ce ya gwammace ya tsaya a bakin ƙofar Haikalin Allahnsa da ya zauna a gidajen mugaye, muryata ta ƙi fita, shi ya ƙarasa ta da ka.

Lahadi mai zuwa ma ni ne a bakin ƙofa ina zaunar da mutane. Ku sa ni a addu'a.