Rijiyar gwaji ba ta sayar da mai

A fadar shayi a Maradi, da an ji kamfani ya sake haƙa rijiya a teku, sai a ce mai ya fara kwarara. Da sauran aiki. Rijiyar farko ta nuna akwai mai, wannan ta biyu kuwa, wato rijiyar gwaji, auna shi take yi. Man ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa, yana maƙale cikin yashin da ya zama dutse, kamar ruwa a soso. Ana ciro guntun dutsen, a duba kaurin yashin da inda mai ya ƙare ruwa ya soma, a gwada ƙarfin bulbulowarsa. In ba zai mayar da kuɗi ba, a toshe da siminti. Filin mai na Bonga da ke tekun Najeriya ma, an gano shi a 1996, bai fara ba da mai ba sai 2005.